Kunnen Ƙashin Jiki Ga Insulin, Da Abin Da Ɓeraye Suka Koya Wa Likitoci

A da mutane sun ɗauka ciwon sukari ciwon attajirai ne da manyan ma'aikata na birni. Yanzu kuwa ya shiga ƙauyuka, har da wuya a sami hakimin da bai san wani mutumin ƙasarsa da ciwon nan ya makantar, ko ya sa aka yanke masa ƙafa ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2021 manyan mutane miliyan 537 ke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan na Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, na biyu kuwa ya fi kama manya, kuma cikin kowane mutum goma masu ciwon sukari wajen tara nasu na biyun ne. Wannan na biyu ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Shekaru kafin ya bayyana jiki ya kan shiga wani hali wanda likitoci ke kira bijirewa ga insulin, watau jiki ya yi wa insulin kunnen ƙashi. An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su san ma'anar wannan hali, su san yadda aka gano shi ta hanyar gwaji a kan dabbobi, su kuma san iyakar abin da gwajin dabba ke iya tabbatarwa, don masu tallar magani sun koyi cewa “an gwada a jikin ɓera” a bakin kasuwa.

Aikin Insulin A Cikin Jiki

Tuwo, da fura, da shinkafa, da rogo, da burodi, duk in sun narke a hanji su kan zama wani irin sukari wanda ke shiga jini. Sukarin nan shi ne makamashin jiki. Amma jini ba ya riƙe shi da yawa: duk sukarin da ke yawo cikin jinin babban mutum mai lafiya wanda bai ci abinci ba, bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi guda ba. Saboda haka da zarar an ci abinci, dole a kwashe abin da ya shigo a kai shi ma'aji.

Ma'ajin nan uku ne: tsoka, da hanta, da kitse. Mai ba su umurni su buɗe su karɓa shi ne insulin, wani sinadari da ke fitowa daga wata gaɓa doguwa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Cikin gaɓar nan akwai waɗansu 'yan tsibirai ƙanana, waɗanda wani ɗalibin likita, Paul Langerhans, ya fara gani a Balin cikin 1869. A nan a ke yin insulin.

Misalin abin kamar hakimi ne da dagatansa lokacin kaka. Hakimi ya aiki manzo ga dagatai uku, ya ce su buɗe rumbuna su karɓi hatsin da aka zube a fili. Dagacin tsoka ya karɓi kaso mafi yawa, dagacin kitse ya karɓi nasa ya mai da shi mai, dagacin hanta kuwa saƙonsa biyu ne: ya karɓa ya ajiye, ya kuma daina fitar da wanda ke rumbunsa, gama aikin hanta ne ta riƙa sakin sukari cikin jini da dare da lokacin yunwa. A jikin kowace ƙwayar tsoka da hanta da kitse akwai wani makarɓi wanda insulin ke sauka a kansa, shi ne kamar kunnen da ke jin saƙon. Mai ciwon sukari iri na farko manzon ne ya rasa, domin tsibiran da ke yinsa sun lalace, shi ya sa ba ya rayuwa sai da allurar insulin.

Yadda Kunnen Ƙashi Ya Ke

Cikin 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya lura da cewa in aka ba masu ciwon sukari insulin tare da ruwan sukari, waɗansu jikinsu ya kan amsa nan da nan, waɗansu kuwa sai ka ce ba a ba su kome ba. Ya ce lalle ciwon iri biyu ne, ɗaya na rashin insulin, ɗaya na rashin jinsa. A lokacin babu hanyar auna insulin cikin jini, don haka maganarsa ta daɗe ba ta sami shaida ba. Sai cikin 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da hanyar awon a Niyok, suka tarar da yawa cikin manyan da ke da ciwon suna da insulin a jininsu, waɗansu ma fiye da na masu lafiya.

Ga yadda abin ke tafiya. In dagatai suka fara jinkirin amsa saƙo, hakimi ya kan ƙara yawan manzanni. Da manzo biyu ko uku maimakon ɗaya, aikin ya kan yiwu, hatsi ya shiga rumbu. Haka fankiriyas ke yi: ta riƙa fitar da insulin ninkin na da, sukarin jini ya tsaya daidai, mutum yana harkarsa bai san kome ba. A kan yi shekara goma ko fiye a haka. Ran da tsibiran suka gaji suka kasa biyan abin da a ke nema gare su, sai sukari ya taru cikin jini, hanta kuma ta ci gaba da zubo nata, har ƙoda ta fara zubar da shi cikin fitsari. A nan ne a ke cewa mutum ya kamu, alhali kuwa ciwon ya daɗe da kafa tushe.

Cikin 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna cewa wannan hali ya kan zo tare da hawan jini da yawan maiƙo cikin jini, kuma yana jawo ciwon zuciya ko da sukari bai hau ba tukuna. Alamunsa na waje kaɗan ne. Babba cikinsu ita ce teɓa, watau kitsen da ya taru a ciki. Wata kuma ita ce fatar wuya ko ta hamata ta yi baƙi ta yi kauri, sai a zaci dauɗa ce, a yi ta cuɗa ba ta fita.

Abin Da Ya Sa A Ke Gwaji Da Dabbobi

Ba shi yiwuwa a cire wa mutum gaɓa don a ga abin da zai same shi, ko a tsare shi shekara ashirin a kan abinci iri ɗaya. Saboda haka tun farko ilmin ciwon sukari a kan dabba aka gina shi. Cikin 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, sai karen ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, fitsarin cike da sukari. Cikin 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, suka gwada shi a kan irin waɗannan karnuka. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya rayu.

Daga baya ɓera ya gaji kare, don dalilai na fili. Ƙaramin ɓeran gwaji nauyinsa giram 20 zuwa 30 ne, cikinsa mako uku ne, rayuwarsa duka shekara biyu zuwa uku, saboda haka ciwon da ke ɗaukar mutum shekara ashirin a kan ga farkonsa da ƙarshensa cikin watanni. Sa'an nan an yi ta haɗa 'yan'uwa ciki ɗaya zuriya bayan zuriya, har aka sami dangogin da kowane ɓera cikinsu kamar tagwayen ɗan'uwansa ne. In aka raba irin waɗannan gida biyu, aka sauya wa gida ɗaya abu guda tak, duk bambancin da ya fito an san daga abin nan ya ke.

Ɓerayen Da Suka Gaji Ƙiba

Cikin 1949, a ɗakin kiwon ɓeraye na Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, aka ga waɗansu 'ya'yan ɓera suna ci ba sa ƙoshi, har suka kai wajen ninki uku na nauyin 'yan'uwansu. Aka gane gado ne, aka sa musu suna ob. Jininsu cike ya ke da insulin, amma jikinsu ba ya jinsa. Cikin 1966 aka sami wani iri a wannan gida, mai ƙiba kamar na farko amma da ciwon sukari mai tsanani, aka kira shi db.

Wani masani na wurin, Douglas Coleman, ya yi gwaji mai ban mamaki da su. Ya kan ɗinke ɓera biyu gefe da gefe har jininsu ya riƙa gauraya. Da ya haɗa ob da lafiyayyen ɓera, sai ob ya rage ci, ya fara ramewa. Da ya haɗa db da lafiyayye, sai lafiyayyen ya ƙi abinci ɗungum har yunwa ta kashe shi, db kuwa yana ta cinsa. Da ya haɗa ob da db, sai ob ya daina ci shi ma. Daga nan Coleman ya yanke cewa akwai wani saƙo cikin jini mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ɓeran ob ba shi da saƙon, shi ya sa ya amfana da na maƙwabcinsa. Ɓeran db kuwa yana da shi har ya yi yawa, amma ba shi da kunnen jinsa, sai ya cika jinin maƙwabcinsa da shi. Ya bayyana wannan cikin 1973, aka yi shekara ashirin da ɗaya ana neman saƙon, har Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ke yinsa cikin 1994. Aka sa wa sinadarin suna leftin, aka kuma tarar kitse ne da kansa ke fitar da shi. Tun daga ran nan aka daina ɗaukar kitse kamar tulun mai kawai, aka san gaɓa ce mai aika saƙo ga sauran jiki.

Coleman ya koyar da wani abu kuma wanda ya fi shafar jama'a. Ya ɗauki wannan lahani na gado ya sa shi cikin dangin ɓera biyu dabam. Duka suka yi ƙiba, duka suka yi wa insulin kunnen ƙashi. Amma a dangi ɗaya tsibiran fankiriyas suka ƙara girma suka jure, ciwon ya tsaya da sauƙi. A ɗayan kuwa tsibiran suka lalace, ɓerayen suka mutu da wuri. Wannan ne ya ba da hasken abin da kowa ke gani a gari: mutum biyu ƙibarsu ɗaya, cimarsu ɗaya, guda ya kamu, guda ya tsufa lafiya. Kunnen ƙashi shi ke ɗora kaya, amma ƙarfin fankiriyas da mutum ya gada shi ke nuna ko za ta ɗauka.

Cikin manyan ɓeraye ma akwai irin waɗannan. Lois da Theodore Zucker sun sami wani mai ƙiba cikin 1961 a jihar Massachusetts, wanda har yanzu a ke kira da sunansu. A Japan kuwa, Goto da Kakizaki na Jami'ar Tohoku suka riƙa zaɓen ɓerayen da sukarinsu ya fi hawa suna haɗa su, har suka sami wani dangi cikin 1975 mai ciwon sukari iri na biyu ba tare da ƙiba ba. Wannan ɓera gargaɗi ne ga mai cewa siriri ba ya kamuwa.

Ɓerayen Da Abinci Ya Sauya

Akwai wani dangin ɓera a hamadar Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya, ana kiransa ɓeran yashi. Cimarsa a daji ganyen wani tsiro ne mai gishiri, mai ruwa, marar ƙarfi, sai ya ci da yawa kafin ya ƙoshi. Aka kwaso waɗansu daga Masar aka kai Jami'ar Duke a Amurka, aka sa musu abincin da a ke ba ɓerayen gwaji, wanda aka yi da hatsi. Kafin a jima suka yi ƙiba, sukari ya fito a fitsarinsu, idanunsu suka yi yana. Waɗanda aka bari a kan ganye kuwa ba abin da ya same su. Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa suka ba da wannan labari cikin 1964.

Irin wannan ya faru da ɓeran ciyawa na Nilu, wanda ke zaune a filayen ciyawa tun daga Masar da Sudan har Chadi, Nijar da arewacin Nijeriya. Shi da rana ya ke yawonsa kamar mutum, ba kamar ɓeran gida ba. Tun wajen 2010 masana a Jami'ar Brandeis ta Amurka suka nuna cewa in aka tsare shi a keji a kan abincin gwaji, da yawa su kan kamu, musamman maza, kuma ciwon na bin matakan da ya ke bi a jikin mutum: insulin ya fara hawa, sa'an nan sukari, daga baya tsibiran su gaza. In aka ba shi abinci mai dusa da yawa wanda ba ya saurin narkewa, ciwon ya kan yi jinkiri ko ya ƙi zuwa.

Hanyar da aka fi bi yanzu ita ce wadda Richard Surwit ya bayyana cikin 1988, shi ma a Duke. A kan ɗauki wani baƙin ɓera lafiyayye a ɗora shi a kan abinci mai maiƙo ƙwarai, wanda kashi 45 ko 60 cikin ɗari na ƙarfinsa daga mai ne. Cikin makonni ya kan yi teɓa, hantarsa ta yi kitse, jikinsa ya daina jin insulin. Da irin waɗannan gwaje-gwaje aka gane cewa kitsen da ya rasa wurin zama ya kan shiga cikin hanta da tsoka, ya toshe hanyar da saƙon insulin ke bi bayan ya sauka a kan makarɓinsa. Cikin 1993 kuma Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka nuna a Boston cewa kitsen ɓera mai ƙiba yana fitar da sinadarin kumburi, irin wanda jiki ke fitarwa in ya yi rauni, kuma wannan ma yana daɗa toshe kunnen.

Da magani ma a kan jawo halin. In aka yi ta ba ɓera deksametason kwana da kwanaki, sai jikinsa ya bijire wa insulin. Ya kamata a riƙe wannan, domin maganin nan yana cikin ƙwayoyin da waɗansu ke saye a kasuwa su sha don su yi jiki, waɗanda a ke kira sha-ka-fashe. Abin da masana ke ba ɓera da gangan don su sa masa ciwo, shi waɗansu 'yan mata ke sha da kuɗinsu.

Wace Gaɓa Ce Ta Fi Laifi?

Da aka sami dabarar cire ƙwayar gado guda ɗaya daga jikin ɓera, sai aka shiga tambayar dagatan nan ɗaya bayan ɗaya. Ɓeran da aka cire wa makarɓin insulin a jiki duka ba ya wuce 'yan kwanaki bayan haihuwa. Ronald Kahn da mutanensa a Cibiyar Joslin ta Boston suka riƙa cire shi a gaɓa guda su bar sauran. Cikin 1998 suka toshe kunnen tsoka kaɗai, kowa yana zaton ɓeran zai kamu, tun da tsoka ce ke ɗaukar kaso mafi yawa. Bai kamu ba. Sukarin ya karkata zuwa kitse, kitsen ya ƙaru. Cikin 2000 suka toshe na hanta kaɗai, sai sukari da insulin suka hau ƙwarai. Cikin 2002 suka toshe na kitse kaɗai, sai ɓeran ya zauna siriri ko da ya ci da yawa, har daga baya aka ga ya fi 'yan'uwansa tsawon rai da wajen kashi 18 cikin ɗari. Wannan ya nuna gaɓoɓin suna ɗauke wa juna kaya, kuma hanta tana da babban hannu cikin ciwon. Maganin nan metformin, wanda Jean Sterne ya fara ba masu ciwon sukari a Faransa cikin 1957, kuma har yau shi a ke fara bayarwa, babban aikinsa shi ne hana hanta zubo sukari fiye da kima.

Yadda A Ke Awo

Awo mafi inganci shi ne wanda Ralph DeFronzo da abokansa suka tsara cikin 1979. A kan riƙa ɗura insulin ta jijiya gwargwado ɗaya ba ragi ba ƙari, sa'an nan a riƙa ɗura ruwan sukari ana ƙarawa ana ragewa don sukarin jini ya tsaya wuri guda. Jikin da ke jin insulin ya kan kwashe sukarin da sauri, sai an yi ta ƙara masa. Mai kunnen ƙashi kuwa kaɗan ya ishe shi. Ana yin wannan ga mutum, ana yi ga ɓera, amma aiki ne mai wuya da tsada. Mafi sauƙi shi ne a ba ɓera ruwan sukari, ko a yi masa allurar insulin, a riƙa ɗiban ɗigon jini a wutsiyarsa har sa'a biyu ana duba yadda sukarin ke sauka.

Ɓera Ba Mutum Ba Ne

Duk da wannan amfani, gwajin ɓera yana da iyaka. Ɓeran gwaji da dare ya ke ci, da rana ya yi barci. Ana ajiye shi a ɗaki mai sanyin awo 20 zuwa 22, alhali jikinsa ya fi son wajen 30, saboda haka kullum yana ƙona abinci don ɗumi. An daɗe ana gwaji da maza kawai, domin matan ba su cika kamuwa ba. Ɓeran ob kuwa ƙwayar gado guda ce ta lalace masa, amma ciwon mutane ya rataya ga ƙwayoyin gado masu yawa, kowace da ɗan nata kaso.

Labarin leftin ya isa misali. Da aka ga allurarsa ta ramar da ɓeran ob, sai aka zaci an sami maganin ƙiba. Cikin 1997 likitocin Kambirij a Ingila suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa ba su da leftin, kuma allurar ta yi wa irinsu amfani ƙwarai. Amma irin waɗannan 'yan ƙalilan ne a duniya. Yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu ya yi yawa ne, ƙarin bai yi musu wani abin kirki ba. Haka kuma wani magani, troglitazone, ya buɗe kunnen ɓeraye sarai, aka yarda a sayar da shi a Amurka cikin 1997, sai ga shi yana lalata hantar waɗansu mutane, aka janye shi cikin 2000.

Akwai wani abu kuma da ya kamata malaman hakimai su gane. Da yawa cikin gwaje-gwajen da a ke yi wa ganyaye da saiwoyi a jami'o'i, da ɓeran aloksan a ke yinsu. Aloksan guba ce mai kashe tsibiran fankiriyas, wadda Shaw Dunn ya gano aikinta a kan zomaye a Gilasgo cikin 1943. Ɓeran da aka yi wa haka rashin insulin ke damunsa, ciwonsa ya fi kama da iri na farko. Ko da ganye ya sauke sukarinsa na 'yan kwanaki, wannan matakin farko ne kawai. Bai nuna gwargwadon da mutum zai sha ba, bai kuma nuna abin da zai yi wa hanta da ƙoda bayan shekara ba.

Su dabbobin ma suna da hakki. Cikin 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ƙa'idodi uku a Ingila, waɗanda ƙasashe da yawa suka sa cikin dokokinsu: a nemi wata hanya in akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma sauƙaƙa musu wahala.

Abin Da Aka Tabbatar A Kan Mutane

Babban abin da ɓeran yashi ya nuna an gwada shi a kan mutane, ya tabbata. A Amurka an tara mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka raba su gida uku. Aka sa gida ɗaya su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ƙarfi minti 150 kowane mako. Aka ba gida na biyu metformin, na uku kuwa ƙwayar da ba magani cikinta. Da aka fito da sakamakon cikin 2002, bayan kusan shekara uku, sai aka tarar gidan farko kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, gidan metformin da kashi 31. An sami irin wannan a Da Qing ta ƙasar Sin da kuma Finlan. Dalili kuwa shi ne tsokar da ke aiki tana jawo sukari ko da insulin kaɗan ne, kuma in kitsen hanta ya ragu kunnenta ya kan buɗe. Mutum mai kilo 80, kilo 5 zuwa 6 kawai a ke nema ya rage.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Hakimai Da Malamansu

1. A riƙa jawo hankalin wanda ya wuce shekara 40, da mai teɓa, da mai hawan jini, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa ke da ciwon, da matar da sukarinta ya hau lokacin ciki, su je asibiti a auna su. Ɗigon jini guda ne a yatsa, da safe kafin a karya. Ƙasa da 100 lafiya ne. In ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake awo wata rana ya maimaita, to ciwo ne. Abin da ke tsakani gargaɗi ne, kuma a nan gyara ya fi sauƙi.

2. Wanda ke yawan fitsari da dare, da ƙishirwa, da rama ba dalili, ko gani dishi-dishi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi ga likita.

3. A wajen taron dagatai da masu unguwa a riƙa faɗakarwa a rage lemon kwalba, da shayin da aka cika wa sukari, da yawan farar shinkafa da burodi, a ƙara wake da ganye, a rage malmala. Wanda babur ya raba da tafiyar ƙasa ya koma mata ko da rabin sa'a ne, kwana biyar a mako.

4. A gargaɗi iyaye da mazaje game da ƙwayoyin ƙiba. Wanda ya daɗe yana shan deksametason kada ya yanke shi rana ɗaya, gama yin haka yana da hatsari. Likita ne zai rage masa sannu sannu.

5. In mai talla ya ce an gwada maganinsa a jikin ɓera, a tambaye shi ko an gwada a kan mutane, kuma ina lambar hukumar NAFDAC. Kada mai ciwo ya bar maganin asibiti saboda shi.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar Banting. Hakimin da ya shirya da ma'aikatan lafiya na ƙasarsa aka yi awo a ƙofar fada ran nan, ya kuma fara miƙa yatsansa gaban jama'a, zai tarar dagatai da talakawa sun biyo baya. Rigakafi ya fi magani.